Gonar Gilasai da Tudun Goruba

Tun da na dawo daga ƙasar Nijar bakina bai huta ba. Mutum zai kawo injin ban-ruwa gyara, ya dire shi a ƙofar gareji, ya nemi tsohuwar taya ya zauna, ya ce sai na ba shi labari. Wasu labarin hanya suke so. Wasu kuwa, na san su sarai, so suke su ji daga bakina ko da gaske ne ni na hana ƙauyenmu samun wuta. Na gaji da maimaitawa hannuna cikin baƙin mai, shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna in faɗe shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe.

Sunana Haladu. Makanike ne ni a Haɗejiya, injinan dizal da na ban-ruwa nake gyarawa. Asalinmu wani ƙauye ne gabas da Kirikasamma, tsakiyar fadama. Wanda bai san ƙasarmu ba sai in gaya masa cewa fili guda a wurinmu masu shi uku ne a shekara. In ruwa ya cika, na masunta ne da masu shinkafa. In ya janye, na masu wake da kayan lambu ne. In an girbe, Fulani su shigo da shanu. Ba mu san shinge ba. Wuri ɗaya ne tak ruwa bai taɓa hawa ba, shi ne Tudun Goruba. Can ake kai rumbuna da dabbobi in ambaliya ta yi ƙarfi, can kuma maƙabartarmu take, don ko'ina ka haƙa a ƙauyen da damina, kafin ka kai gwiwa ka tarar da ruwa.

To amma shekarun fari sun zo, ga madatsun ruwa da aka gina can sama, kogi ya daina zuwa mana kamar da. Samari suka tasa ba su taɓa ganin kwalekwale a ƙofar masallaci ba. Ana cikin haka, ba da daɗewa da ba mu jiharmu ta Jigawa ba, wasu ma'aikata suka zo daga birni tare da Turawa biyu. Suka ce za su shimfiɗa farantan gilashi masu kama hasken rana su mai da shi lantarki, a sami wutar ban-ruwa, a haska ƙaramin asibitinmu, ba dizal ba hayaƙi. Abin da suke nema kawai wuri mai tudu, fili fetal. Da rani suka zo awo. Suka hau Tudun Goruba, ba su ga komai ba sai goruba da busasshen kashin shanu, suka rubuta cewa fili ne da ba a amfani da shi, tsofaffin kaburbura kuma za a bar su a kusurwa ba za a taɓa ba. Mu ma da bakinmu muka taya su faɗin haka.

Ba wanda ya ɗauki abin da zafi kamar yayata, Yaya Asabe. Ita ce ungozomar ƙauyen, ita ta san abin da duhu yake yi wa mai naƙuda. Bulama kuwa, mai garinmu, dattijo ne mai jan ƙafa, ya ce ba zai sa hannu a kan abin da ba wanda ya taɓa gani ba. Ma'aikatan suka ce ai akwai irinsa a bakin kogi can gaba da Yamai, a je a gani. Aka zaɓe ni don na san inji, aka haɗa ni da Malam Bitrus, malamin kimiyya a makarantar sakandare a nan Haɗejiya, mutumin Filato, don yana ɗan taɓa Faransanci. Wasu suka yi gunaguni cewa an aiki mai gyaran dizal ya dubo abin da zai kashe masa kasuwa. Ranar tafiya Yaya Asabe ta riƙe ni a ƙofar gida ta ce, "Haladu, ka je ka gani da idonka, ban da idon sana'arka."

Mun tashi ƙarshen damina. Daga Haɗejiya zuwa Gumel ba abin faɗa, sai dai wata mata da ta ɗora mini kwandon kaji a cinya ba ko sannu. A Maigatari muka sauka muka nufi iyaka. Malam Bitrus ya shirya takardunsa a jakar leda kamar mai zuwa jarrabawa, ni kuwa akwatin kayan aikina na ɗauko, don ban iya tafiya ba shi ba. A ɓangaren Nijar wani jandarma dogo ya buɗe akwatin, ya yi ta fito da sifanu ɗaya bayan ɗaya yana jera su a tebur. Malam ya gyara murya ya saki Faransancinsa. Jandarman ya saurare shi har ya gama, sannan ya kira shi Mushe, wato malam a bakin mutanen Nijar, ya ce da Hausa tsantsa, "Mushe, ka huta. Wane ne makaniken a cikinku?" Ashe babur ɗinsa ne ya kwana uku bai tashi ba. Na duƙa na wanke masa fulogi na hura kafireto, babur ya ɗauka. Ya buga mana hatimi, ya kuma tsayar mana da motar Damagaram da kansa. Har muka isa ina tsokanar Malam cewa sifana ta fi Faransancinsa jin yaren ƙasar.

A Damagaram mun sauka gidan wani Bahaɗeje mai sayar da kifi banda, wanda ya shekara ashirin can amma da ya gan mu sai da ya ce, "Lale, lale, mutanen gida," idonsa ya kawo ruwa. A zaurensa muka kwana. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, sai da ya ƙuje mini dasashi. Shayinsu kuma a ɗan ƙaramin kofi, ɗaci kamar maɗaci, sau uku ake zubawa, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Abin da ya fi ba ni mamaki, da rana ta take tsaka sai gari ya mutu. Ofis a rufe, kanti a rufe, har mai sayar da tikitin mota ya tafi barci. Mu a Haɗejiya in ka rufe shago da azahar sai a zo yi maka gaisuwar rashin lafiya.

Daga nan muka miƙi hanyar yamma, Maraɗi, Ƙonni, Doso, kwana biyu a babbar mota. Duk tsawon hanyar Malam Bitrus bai bar ni na runtsa ba. Yana nuna rana ta taga yana cewa, "Oga Haladu, dubi wannan. Kyauta take zuba kullum, mu kuwa muna layi a gidan mai da jarka." Gaskiya ya faɗa, don a lokacin man ma sai ka yi kwanaki kana nema. Na ce masa ni dai ban yarda da injin da ba ya ƙara ba, don ban san yadda zan gane ba shi da lafiya ba. Ya yi dariya ya ce jahilci ne ke damuna. Bayan Doso Hausa ta fara ƙaranci, muka shiga ƙasar Zabarmawa. A wata tasha na nuna wani kwano da yatsa ina zaton dambu ne, aka zubo mini ganyen zogale da ƙuliƙuli da barkonon da ya sa na yi hawaye a gaban mata. Malam ya cinye nasa ya ƙara da nawa.

Garin da muka nufa yana gaba da Yamai, a bakin kogin Kwara, wanda su suke kira Isa. Ba zan faɗi sunansa ba, don mutanensa sun karɓe mu da mutunci, ba na so a ce na je na tona musu asiri. Da hantsi motar ta hau wani ɗan tudu, sai na hango abu yana walƙiya shimfiɗe, na ce wa Malam ga tafki can. Ba tafki ba ne. Gilasan ne, layi bayan layi, sun cinye tudun gaba ɗaya, waya mai ƙaya ta kewaye su.

Zan faɗi gaskiya, abin ya burge ni. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba ɗigon baƙin mai a ƙasa. Da rana ta take, famfo ya ɗauka shi kaɗai, ruwa ya taso daga kogi yana bulbula cikin lambatu kamar an buɗe bakin rafi. Na tsaya baki buɗe. Malam Bitrus har hula ya cire. Sai can na lura ba kowa a lambunan. Manoman duk suna inuwa a zaune suna kallon ruwan yana wucewa. Ba sai an gaya mini dalili ba, ɗan fadama ne ni. Ba mai hankalin da zai yi wa albasa ban-ruwa da tsakar rana, dafa ta zai yi. Da asuba da yamma ake ba shuka ruwa, a lokutan nan kuwa gilasan ba su da ƙarfi. An gina musu tankin tara ruwa, amma bai isa rabinsu ba. Akwai ɗakin batura da aka ce shi zai riƙe wuta, na leƙa na tarar sun kumbura sun yi farin gishiri a kai. Kashegari hadari ya taso, ko ɗigo bai sauka ba, amma ruwan lambatu ya tsaya cak.

Mai gadin wurin wani tsoho ne, Baba Hamani, ya yi zaman Kano a ƙuruciyarsa, Hausarsa ras. Shi ya zaga da mu. Ya nuna mana cewa rabin layukan ba sa aiki, wani akwati ne ya ƙone, an aika ƙasar Turawa a kawo kayansa, damina biyu ke nan ana jira. Ya nuna mana kututturan itatuwan da aka sare, don inuwa ko ta reshe ɗaya ce tana rage wutar. Ya nuna mana kashin tsuntsaye a kan gilasan, ya ce kowane mako sai an ɗebo ruwa an wanke su ɗaya ɗaya. Na tuna da tsuntsayen fadamarmu da suke rufe rana in sun tashi.

Na tambaye shi to asibitin garin fa, da me yake samun wuta? Ya kai mu bayan asibitin, wani ɗaki da bai fi madafi girma ba. Ga tsohon injin dizal a ciki yana tari. Da ma'aikacin asibitin ya ji sana'ata sai ya kama hannuna. Na cire riga, na wanke matatar mai, na gyara nozul, kafin la'asar inji ya daidaita murya. Murna ta sa suka ce tunda haka ne in zo in duba akwatin da ya ƙone. Na je. Na kwance murfin, na ga wasu ƙananan abubuwa jere kamar ƙwayar gero a kan allo kore, ba bel, ba fistin, ba inda zan sa sifana. Na mayar da murfin na ɗaure. Shekara ashirin ina gyaran inji, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba na yabon dizal, yana da hayaƙi, yana da ƙara, man sa yana wuya. Amma ga shi a ɗaki guda, yana aiki dare da rana, in ya lalace irina ma ya tashe shi. Wancan kuwa ya ci tudu sukutum, in ya kwanta sai a zuba wa hanya ido.

Da muka zauna shan shayi a bakin ƙofar wayar, na tambayi Baba Hamani yadda aka yi ya sami gadin. Ya nuna layi na uku da haɓarsa ya ce, "Daga can zuwa waya gonar ubana ce. Da aka ce ana neman mai gadi na ce ni ne. In ba haka ba da wane dalili zan riƙa shigowa?"

A rana ta uku aka yi rasuwa a garin, wata tsohuwa. Baƙo ba ya ganin jana'iza ya zauna, muka bi. Malam Bitrus ya tsaya gefe har aka idar da salla, sannan ya shiga sahun masu rakiya. Kogi a cike yake lokacin, duk ƙasan garin ruwa ne da laka. Aka ɗauki makara aka hau tudu, aka bi gefen waya. Ta cikin wayar ina hango tsofaffin kaburbura a kusurwa, an kewaye su da farin dutse, tsaf, ba wanda ya taɓa su. Na zaci nan za a shiga. Sai na ga an wuce. Aka yi ta tafiya, ana sauya kafaɗa, rana na dukanmu, tsofaffi suna zama a hanya ɗaya bayan ɗaya. Mun fi awa guda kafin mu kai wani fako mai duwatsu. Masu haƙa tun safe suke can da diga, amma ramin bai kai yadda ya kamata ba, ƙasar ta ƙi. Haka aka sa ta, aka rufe, aka yi ta jibga duwatsu a kai saboda karnuka. Ɗanta, magidanci da furfura, ya tsaya yana kallon tudun da muka baro. Aka ce mini kabarin mijinta yana can cikin waya.

A hanyar dawowa na jera da Baba Hamani. Na ce, "Baba, ba ku yi maganar maƙabarta ba lokacin da aka zo awo?"

Ya ce, "Mun yi, ɗana. Mun ce kada a taɓa iyayenmu, ba a kuwa taɓa su ba. Mutanen nan ba su cuce mu ba, duk abin da muka roƙa sun yi. Mun tuna da gero, mun tuna da hanyar shanu, mun tuna da waɗanda suka riga mu. Ba wanda ya tuna cewa mu ma za mu ci gaba da mutuwa."

Maganar da muka yi wa ma'aikatan a ƙofar Bulama ke nan, kalma da kalma. Mu ma kusurwa muka roƙa.

Muka koma masauki ni da Malam Bitrus. Da ya zauna ya cire takalmi sai ya ce, "Oga Haladu, a garinmu akwai wani rami cike da koren ruwa, inda aka haƙi kuza. Kakana yakan kai ni bakinsa ya ce nan ne gonarmu. Shi ma da hannunsa ya bayar, an ce masa na ɗan lokaci ne." Sannan ya ce, "Har yanzu ina nan kan bakana, rana ita ce gaba. Amma ba a kan tudunku ba."

Dawowarmu ba ta da labari. Hanya ɗaya ce, sai dai ba mai tsokanar wani. Jandarman nan ya gane ni ya ɗaga mini hannu, babur ɗinsa na nan lafiya.

Aka taru a ƙofar Bulama, ma'aikatan ma suka zo. Na faɗi komai, ban rage ba. Na faɗi ruwan da na gani yana bulbula ba ɗigon mai, na faɗi baturan, na faɗi akwatin da ya gagare ni, na faɗi jana'izar. Malam Bitrus ya tashi ya ce duk abin da na faɗa haka yake. Bulama ya ce da ma'aikatan, "To ga fadama nan, ku ɗiba iya son ranku." Suka ce ruwa zai iya shiga, dole sai tudu. Wani dattijo ya ce ashe ku ma kun san ruwan zai dawo. Na roƙe su ko za su ɗora 'yan farantai kaɗan a rufin asibiti kawai, tunda wannan ba ya cin fili. Babbansu ya ce shi ma ya so haka, amma aikin da aka ba su babba ne, ba su da ikon gutsura shi. Bulama ya ce a yi haƙuri, Tudun Goruba ba na bayarwa ba ne. Suka naɗe takardunsu suka tafi, na ji an kai aikin wani wuri.

Tun daga ranar ake cewa Haladu ya kare tuwonsa. Samarin da suka sa rai da aikin gadi da wanke gilashi ba sa gaishe ni. Wannan bai dame ni sosai ba, na san abin da na gani. Wadda nake jin nauyi ita ce Yaya Asabe, sai da na yi kwana huɗu ina kewaye gidanta.

Da na shiga, da hantsi ne, na tarar ba ta daɗe da dawowa daga wajen wata haihuwa ba, tana tsugune tana wanke zannuwa a bakin rariya. Na gaishe ta ta amsa. Na fara kawo bayani, ta ɗaga hannu da kumfa ta tsayar da ni.

Ta ce, "An gaya mini duk abin da ka faɗa. Ban ce ka yi ƙarya ba, Haladu. Na san ka tun kana tsumma, ba ka iya ta ba. Ni ma a tudun nan nake so a sa ni, kusa da Inna."

Na ce, "To alhamdu lillahi, Yaya."

Ta matse zane ta jefa a bokiti, sannan ta dube ni. "Mai naƙudar jiya da ƙyar ta sha. Jini ya ɓalle, ina lalube, hasken fitilar ƙwai bai ishe ni ba. Ka tanadar wa masu tafiya wurin kwanciya, Allah ya ba ka lada. Su kuma masu zuwa fa, wa zai haska musu?"

Na tsaya da hula a hannu. Ta jawo wani zanen ta ci gaba da wanki. Ban ba ta amsa ba ranar, har yau kuma da nake rubuta wannan ban sami wadda zan ba ta ba.